Yadda ake kawar da siraran karce-karce masu zagaye daga fentin baƙar mota

Baƙar mota, ko shuɗiya mai duhu, ko mai ruwan hanta, takan fito daga wurin wanki tana ƙyalli muddin tana inuwa, amma da zarar an fito da ita tsakar rana sai a ga wasu siraran zane sun kewaye hasken ranar a kan bonet da ƙofofi kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan karce-karce ne ƙanana ƙwarai, kuma yawancinsu tsumman share ƙura da soson wanki ne suka yi su. Farar mota ma tana da su, launinta ne kawai yake ɓoye su.

Fentin motocin zamani hawa uku ne: furaima, wato shafen farko da ke kama jikin ƙarfe, a ƙasa, launi a tsakiya, sannan wani ruwan fenti garai-garai mara launi a sama, wanda za mu riƙa kira fatar sheƙi. Dukan ukun a haɗe kaurinsu yakan kama daga maikuron 100 zuwa 150 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), fatar sheƙin kuwa ba ta cika wuce maikuron 50 ba, wato ba ta kai kaurin gashin kai guda ba. Gogewa ba ta cike karce, sai dai ta cinye fatar da ke gefensa har ta sauko daidai da zurfinsa, kuma abin da aka cinye ba ya dawowa. Wannan fatar ce ke kare launi daga rana, kuma duk wanda ya ga motocin da rufinsu ya yi fari ya fara ɓarewa a titunan Sakkwato ya san abin da ke faruwa idan ta yi rauni. Saboda haka dukan matakan da ke tafe an tsara su ne domin a sami sheƙi ba tare da an ci fatar fiye da larura ba.

Kayan aiki

Na farko shi ne injin gogewa, kuma iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya, wanda masu fenti suka fi riƙewa, yana da ƙarfi da sauri, amma yana tara zafi wuri guda, kuma a hannun ɗan koyo yana iya cinye fenti har furaima cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda sosonsa yake juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda, kuma idan aka danne shi fiye da kima sai juyin ya tsaya da kansa. Wannan na biyun shi ne na ɗan koyo, kuma mai faifan inci 5 ya wadatar. Kada ka kuskura ka ɗaura soso a kan garandar masu walda, domin tana juyi wajen sau 10,000 a minti guda, alhali aikin fenti ko da injin mai juyi ɗaya bai cika wuce 1,500 ba. Idan injin daga Amurka aka zo da shi, ka duba rubutun jikinsa tukuna, domin nasu na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta.

Na biyu shi ne soson inji: mai tauri domin ci, matsakaici domin gogewa, mai laushi domin kammalawa. Kada ka dogara da launin soso, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Ka danna da yatsa ka ji taurinsa. Ka tanadi aƙalla uku ko huɗu na irin da za ka fi amfani da shi, saboda soso guda ba ya gama mota.

Na uku shi ne man gogewa: kwamfawun, wanda yake da ci sosai, da folish, wanda cinsa kaɗan ne kuma shi ke fito da sheƙi. Cikin waɗanda aka sani akwai Ultimate Compound da Ultimate Polish na kamfanin Meguiar's, da na 3M, da na Menzerna, da na Sonax. Kwamfawun ɗin gwangwani mai kaushi da ake sayar wa masu fenti an yi shi ne domin biyo bayan samfefa, ya yi wa wannan aiki ƙarfi. Wani abin akan same shi a shagunan kayan fenti na cikin gari ko wajen masu kayan gyara na Buzaye a Sakkwato, wani kuma sai an aiko da shi daga Kano ko Legas, don haka ka tara komai kafin ka sa ranar aiki.

Sauran kayan su ne bokiti biyu, sabulun ruwa na wankin mota, safar wanki ta maikurofaiba (wani yadi mai laushi ƙwarai), tsummokaran maikurofaiba sababbi takwas zuwa goma waɗanda aka cire wa takardar da ke ɗinke a gefe, yumɓun tsabtace fenti, salatef ɗin takarda na masu fenti, kwalbar fesa ruwa, sinadarin isofurofil (wani irin sifirit mai cire maiƙo) da za a tsarma kashi ɗaya da ruwa kashi uku, tsohon buroshin haƙori, tocila mai ƙwai guda da farin haske, da kakin mota ko man kariya na ƙarshe. Na'urar auna kaurin fenti tana da amfani idan akwai, amma ana iya aikin ba tare da ita ba.

Mataki na 1: Wuri da lokaci

A Sakkwato wannan matakin ne yake yanke hukuncin aikin. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma ƙarfen baƙar mota da ke rana yakan zarce haka nesa, ta yadda man gogewa zai bushe kafin ya yi aikinsa, ya manne, ya zama gari yana sake karce wurin. A lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matsalar ƙura ce, kuma cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Ƙwaya ɗaya da ta shiga tsakanin soso da bonet ta isa ta zana dukan wurin da ka gama.

Ka nemi gareji ko rumfa mai rufi da bango aƙalla ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, ka share ƙasan ka yayyafa ruwa domin ƙura ta kwanta. Inuwar dogon yaro ba ta wadatar ba, saboda 'ya'yansa da ganyensa da kashin tsuntsaye, kuma inuwar tana gusawa ta bar ka a rana. Ka fara bayan sallar asuba, motar ta kwana ba a tayar da ita ba, ka dakata idan rana ta take, ka ci gaba bayan la'asar. Kafin ka taɓa kowane ɓangare, ka ɗora bayan hannunka a kai. Idan ka ji ɗumi sosai, ka jira. Ranar da hazo ya rufe gari, ka ɗage aikin. Mota guda takan ci wa ɗan koyo yini cur, kuma raba ta kwana biyu ya fi gaggawa. Idan da janareta za ka yi, ka tabbata ya fi ƙarfin injin, wanda yakan ja wat 500 zuwa 900, ka kuma ajiye shi a waje nesa da rumfar saboda hayaƙinsa.

Mataki na 2: Wanki

Ka fara da tayoyi da ƙarƙashin bamba, da wani tsumma daban wanda ba zai taɓa jikin motar ba har abada. Sannan ka kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar da ke kwance ta tafi kafin hannu ya taɓa fenti. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu ne, ɗayan na ruwa zalla: ka tsoma safa a sabulu, ka wanke ɓangare guda daga sama zuwa ƙasa a miƙe, ka ɗauraye ta a ruwa zalla, sannan ka koma sabulu. Kada ka yi amfani da garin sabulun wankin tufafi. Idan ba ka sami sabulun mota ba, ɗan sabulun ruwa na wanke-wanke zai yi a wannan karo guda, tunda dama ana so a cire tsohon kaki da maiƙo, amma kada ya zama na kullum.

Ka tsane motar nan take da babban tsumman maikurofaiba, kana ɗorawa kana ɗagawa. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin tabo idan ya bushe a jikin baƙar mota. Idan akwai tsofaffin tabo irin wannan, ka jiƙa tsumma da ruwan khal da aka tsarma rabi da rabi da ruwa, ka ɗora minti ɗaya, ka ɗauraye. Ɗigon kwalta da ke ƙasan ƙofofi yana narkewa da ɗan kananzir a tsumma, amma ka sake wanke wurin da sabulu.

Mataki na 3: Cire abin da ya maƙale a fenti

Ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. Idan ka ji tsaki-tsaki, akwai abin da wanki bai cire ba, kamar ƙurar siminti, ko feshin fentin wata motar idan ta daɗe a gareji, ko ƙurar birki. Ka gutsuri yumɓu ka baje shi a tafin hannu, ka fesa ruwan sabulu sosai, ka riƙa zame shi gaba da baya ba dannawa har ka ji wurin ya yi santsi. Da ya yi datti ka ninke shi ka fito da sabuwar fuska. Idan ya faɗi ƙasa, ka jefar da shi, komai tsadarsa. Yumɓu yakan bar ɗan dishi-dishi a baƙin fenti, wanda gogewa za ta ɗauke. Wanda bai sami yumɓu ba zai iya tsallake matakin idan fentin ba shi da kaushi sosai, sai dai ya riƙa canza soso da wuri.

Mataki na 4: Duba fentin

Ka rage hasken wurin, ka riƙe tocila kamar kamu ɗaya daga jikin motar, ka bi ɓangare-ɓangare. Za ka ga zane iri uku. Na farko su ne siraran da suka kewaye hasken, waɗanda domin su ake aikin. Na biyu su ne ɗaiɗaikun karce masu ɗan zurfi. Ka ja farce a kansu, idan bai kama ba za su iya fita ko su ragu, idan ya kama kada ka bi su, domin kafin ka kai ƙasansu ka gama da fatar sheƙin wurin. Na uku su ne waɗanda ake ganin fari ko toka a cikinsu ko da an jiƙa su da ruwa. Waɗannan sun kai furaima, aikin mai fenti ne.

Daga nan sai tambayar da ta fi muhimmanci ga motocinmu: fentin kamfani ne ko an sake fesawa? Yawancin motocin da ake shigo da su ta Kwatano ko Legas sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa, kuma sau da yawa an fesa ƙofa ko bamba kafin su iso hannun mai saye. Alamomin su ne burbushin fenti a kan robar gilashi, bambancin launi tsakanin ƙofa da maƙwabciyarta a rana, da ƙuraje-ƙurajen ƙura da suka daskare a cikin fentin. Maganaɗisu da aka naɗe a tsumma ba ya kama ƙarfe sosai inda aka cika fila, wato abin da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi. Mai na'urar awo zai ga lambar ta haura 200 inda aka sake fesawa, kuma idan ta sauka ƙasa da 80 alama ce ta cewa an riga an goge wurin da yawa, sai a yi masa folish mai laushi kawai ko a bar shi. Ɓangaren da aka sake fesawa ba ya karɓar gogewa kamar sauran, don haka yana bukatar gwajinsa daban, kuma idan fentin bai yi wata guda ba ka tambayi wanda ya fesa kafin ka rufe shi da kaki.

Ka ɗiga folish a farin tsumma ka goga a wani lungu. Idan tsumman ya fito da launin motar, fentin ba shi da fatar sheƙi a wurin, ko dai irin na da ne mai hawa guda, ko kuma an riga an cinye ta. Fenti mai hawa guda yana goguwa, sai dai yana toshe soso da sauri. Amma idan lungu ɗaya ne ke ba da launi sauran motar ba ta bayarwa, ka nisanci wannan wurin da inji. Haka nan rufi ko bonet da ya yi fari-fari kamar gajimare ko ya yi ƙananan tsaga: rana ta riga ta kashe fatar, gogewa za ta ƙara gaggauta ɓarewarta ne kawai.

Mataki na 5: Rufe abin da ba a so soso ya taɓa

Ka bi da salatef a kan baƙar robar gefen gilashi, da tambarin mota, da bakin fitilu, da robar da ba a fesa ba, domin man gogewa yana barin farin tabo a kansu mai wuyar fita. Ka kuma sa siririn salatef a kan kaifin ƙofofi da layukan da suka tasa a jikin bodi, domin a nan fenti ya fi siranta.

Mataki na 6: Gwaji a wuri guda

Kada ka fara zagaye mota kafin ka san abin da fentinta ke karɓa. Ka keɓe murabba'i na santimita 50 a kan but ko bonet da salatef, ka fara da mafi sauƙin haɗi, wato folish a kan soso matsakaici. Fentin Honda da Toyota galibi yana da laushi, sau da yawa wannan haɗin kaɗai ya ishe shi, na Mercedes da Volkswagen kuwa galibi ya fi tauri, yakan nemi kwamfawun. Amma gwajin ne mai faɗin gaskiya, musamman ga motar da ta sha hannun masu fenti.

Ka ja layi da maka a bayan faifan inji domin ka riƙa ganin juyinsa. Ka shafa ɗan mai siriri a fuskar sabon soso da yatsa, sannan ka ɗiga ɗigo huɗu, kowanne girman ƙwayar wake. Ka rataya wayar wuta a kafaɗa kada ta ja a jikin fenti, ka cire agogo da zobe, kuma idan rigarka mai maɓallai ce ka canza ta. Ka dangwala soson wurare huɗu ko biyar cikin murabba'in injin yana kashe, ka kwantar da shi sosai a kan fenti, sannan ka kunna a lambar gudu 1 ko 2 ka baza man. Daga nan ka ɗaga zuwa 4 ko 5.

Kuskuren da kusan kowane ɗan koyo yake yi shi ne gudun hannu. Injin ne ke aiki, hannu jagora ne kawai, kuma tafiyar da ta dace ba ta wuce santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa guda ba, wadda za ka ji kamar ta yi jinkiri ƙwarai. Ka bi daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, idan ka kai ƙarshe ka sake bi daga sama zuwa ƙasa. Ka yi haka sau huɗu zuwa shida. Dannawar ta zama daidai yadda soso zai ɗan lotsa amma layin makar yana ci gaba da zagayawa. Idan ya tsaya, ko ka danne da yawa ko ka karkata injin, kuma a wannan hali cinsa kaɗan ne ƙwarai. A bi biyu na ƙarshe ka sassauta hannu. Idan man ya koma siriri kamar maiƙo, ka kashe injin yana kan fenti, sannan ka ɗaga, in ba haka ba zai watsa maka mai har gilashi.

Ka share da tsumma mai tsabta a hankali, ka fesa ruwan isofurofil ka sake sharewa. Wannan sharewa ta biyu ba a tsallake ta, domin maiƙon folish yana cike karce na ɗan lokaci ya yaudari ido. Wanda bai sami sinadarin ba sai ya wanke wurin da ruwan sabulu ya tsane. Sannan ka cire salatef ka haska tocila a kan iyakar da ke tsakanin inda aka goge da inda ba a goge ba.

Idan zanen ya tafi, ka sami haɗinka. Idan ya ragu kaɗan, ka maimaita sau ɗaya, in bai isa ba ka hau mataki guda: kwamfawun a soso matsakaici, sannan in ya zama dole kwamfawun a soso mai tauri. Kada ka canza mai da soso a lokaci guda, domin ba za ka san wanda ya yi aikin ba. A ganina, ga motar da ake hawa kullum a garin nan, idan kashi bakwai ko takwas cikin goma na zanen ya tafi, aiki ya yi. Ragowar masu zurfin ba mai ganinsu sai mai tocila, kuma bin su yana cin fatar da motar za ta bukata a bazara mai zuwa.

Mataki na 7: Goge sauran motar

Ka bi da haɗin da ya yi nasara, murabba'i bayan murabba'i, daga rufi zuwa bonet da but, sannan ƙofofi, bamba a ƙarshe. Bayan soso ya jiƙu, ɗigo uku ya isa kowane wuri, domin mai da yawa yana hana ci. Bayan kowane murabba'i ɗaya ko biyu ka kashe inji ka kakkaɓe soson da buroshin haƙori, bayan ɓangare biyu kuma ka canza shi, domin soson da ya cika da mataccen fenti yana zafi yana barin dishi-dishi. A busasshiyar iskar hunturu, idan man ya fara zama gari da wuri, ka rage faɗin wurin da kake gogewa, ka fesa wa soso ruwa sau ɗaya tak. Kafin ka shiga sabon ɓangare ka share shi da ɗanyen tsumma, saboda ƙurar da ta sauka tun safe.

Bamba roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, don haka ka rage gudun inji, ka riƙa taɓawa da hannu. A bakin ƙofa da kan layin bodi kada ka tsayar da soso. Lungunan da inji ba ya shiga, kamar ƙarƙashin mariƙin ƙofa inda farce ke yawan karcewa, ka yi su da hannu. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya tafi wanki.

Idan babu inji ko babu wuta, ana iya aikin da hannu da ƙaramin soso mai laushi da kwamfawun irin na zamani mai sauƙin ci. Ka ɗauki wurin da bai wuce santimita 30 ba, ka goga da dukan tafin hannu, domin kan yatsu yana barin sawu, ka bi gaba da baya sannan ka gicciya, minti biyu zuwa uku. Zai rage zanen sosai a fenti mai laushi, amma a mai tauri sakamakon kaɗan ne, kuma ya fi kyau a yi ɓangare ɗaya ko biyu a rana. Idan kuma injin mai juyi ɗaya kaɗai ka samu, ka fara koyo a kan tsohuwar ƙofa daga wajen masu gyaran bodi, ka tsaya tsakanin juyi 1,000 da 1,200, ka yi amfani da soso mai laushi maimakon na ulu, kuma kada ka bar shi wuri guda ko na daƙiƙa ɗaya.

Mataki na 8: Kammalawa da folish

Duk inda kwamfawun ya bi a baƙar mota yakan bar ɗan hazo, baƙin ya koma toka-toka a ƙarƙashin tocila. Injin mai juyi ɗaya kuma yakan bar wasu layukan haske masu rawa idan mutum ya gusa. Maganin duka biyun folish ne a sabon soso mai laushi, gudu lamba 3 ko 4, hannu sake, bi uku. Wanda folish kaɗai ya yi tun farko ba ya bukatar wannan mataki. Bayan haka ka cire salatef, ka share dukan motar da ruwan isofurofil, ka fitar da ita rana na minti kaɗan ka zagaya ta, domin rana tana nuna abin da tocila ta ɓoye. Abin da ya rage ka sa masa alama da guntun salatef, ka mayar da ita inuwa, ka bari ta huce kafin ka gyara.

A nan ya kamata a ambaci dabarun da ake yaɗawa. Shafa baƙin mai ko man gas yana sa ƙyalli na yini guda ya kuma jawo ƙura. Man birki yana cin fenti, kada ya kusanci jikin mota. Akwai kuma folish ɗin da ake gamawa cikin rabin awa, wanda yawancinsa maiƙo ne mai cike zane. Wanki biyu ko uku sai komai ya dawo.

Mataki na 9: Kariya

Fentin da aka goge tsirara yake, kada ya kwana biyu haka. Kakin gargajiya na karnoba yana ba baƙar mota kyau, amma a zafin Sakkwato makonni kaɗan yake yi. Man kariya na roba, wanda ake kira silant, yakan kai watanni, kuma shi na fi ba ɗan koyo shawara. Rufin siramik, wani ruwan kariya da ke taurarewa a kan fenti, ya fi su daɗewa, sai dai yana son ɗaki mara ƙura da hannun da ya saba, kuma duk da abin da masu talla ke faɗa, ba ya hana karce idan aka share ƙura a bushe. Ka shafa siriri ƙwarai, ka jira lokacin da aka rubuta a jikin kwalba, ka ja yatsa. Idan wurin ya fito fes, ka share da sabon tsumma. Ka kiyaye motar daga ruwa har washegari.

Mataki na 10: Hana zanen dawowa

Mako biyu na share ƙura da busasshen tsumma kowace safiya ya isa ya mayar da motar yadda take. Ka yi wa duk mai taɓa ta bayani, ko maigadi ne ko yaran gida ko direba, cewa ƙura ruwa ke sauke ta, kuma idan babu ruwa a share gilashi kawai a bar jikin. A wurin wanki ka tafi da safarka da tsummanka, ka roƙi a kwarara ruwa tukuna kuma a ware tsumman taya. Kada ka lulluɓa tamfol a kan mota mai ƙura, domin iska tana kaɗa shi yana gurzar fenti dare guda. Kashin tsuntsu kuma a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke a ranar.

Soso da tsummokara ka wanke su a ranar aiki da sabulun ruwa, ba tare da sinadarin laushin tufafi ba, ka shanya a inuwa, ka adana cikin leda mai rufi. Folish mai laushi sau ɗaya a shekara ya isa, kuma ƙarshen damina ya fi dacewa da shi, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Kwamfawun kuwa ba a yi wa ɓangare guda shi sai sau kaɗan a dukan rayuwar mota, don haka ka rubuta a takarda ɓangarorin da ya taɓa da ranar da aka yi, ka ajiye tare da takardun motar, domin wanda zai sake goge ta ya san inda zai sassauta.